Ranar da Na Yanka Jirgin Baba

Na san abin da gwaggonku Hajara ta gaya muku, Allah ya jiƙanta. Ta ce ni na kashe kakanku, ba da wuƙa ba, da baki, kuma har ta koma ga Allah ba ta janye maganar ba. Ban taɓa tanka mata ba, don babbar ya uwa ce. Amma yanzu gemu ya yi fari fat, hannun da ya shekara hamsin yana riƙe ƙarfe ya fara rawa, ba kuma zan yarda in shiga ƙasa in bar ku da rabin labari ba. Na san kun fi jin Larabci. To, da Hausa aka yi maganganun nan, da Hausa zan ajiye su. Wanda ya kasa karantawa ya kai wa uwarsa ta karanta masa.

Tun kafin in yi wayo akwai jirgin ruwa a kan rufin gidanmu na Hindawiyya. Ya fi mutum a kwance tsawo, kuma dukansa da gwangwanin man girki da guntayen kwano aka yi shi. Baba maƙeri ne, jikan maƙera daga ƙasar Kano, a nan Makka kuwa bokiti yake ƙerawa da mazurari da murhun gawayi. Da an yi la'asar sai ya rufe rumfa ya hau sama. Bai taɓa sa wa jirgin nan dalma ba. Kowane gwangwani da ƙusa yake haɗa shi, ƙananan ƙusoshi da yake yankowa daga waya, ya dasa ɗaya bayan ɗaya, don ya ce haka ake haɗa na gaskiyar. Ya yi masa hasumiya, ya yi masa bututun hayaƙi, ya yi masa dogayen bindigogi gaba da baya da ke juyawa idan ka taɓa. A gefen hagu, can ƙasa, akwai wani faci mai kusurwa huɗu da ya fi ko'ina yawan ƙusa. Larabawan unguwa suka sa masa suna Abu Markab, wato mai jirgi, ana faɗa ana murmushi, don ina aka taɓa ganin jirgi a garin da ko kogi babu? Inna ma ba ta ƙyale shi ba, tunda ya cinye mata wurin shanya.

"Malam, ruwan Ɗufana kake jira ne?"

"In ya zo ke zan fara ɗauka," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi.

Ba wasa yake yi ba, kuma ba taɓuwa ba ce, ko da yake na ji an faɗi hakan a bayan idonsa. Ga asalin abin. Baba ya baro gida a ƙasa shi da ƙanensa Idi, wanda da yana nan Baffa Idi zan kira shi. Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa maza. Ranar tafiya ta sayar da akuyarta ta yanko musu farin alawayyo, kowa ƙyalle biyu, haramin da za su ɗaura su yi aikin hajji. Ta ba Baba nasa, ta kuma ba shi na Idi ya riƙe, don ta san Idi da yar da kaya. Sannan ta ɗora hannun ƙaramin a cikin na babban ta ce:

"Haruna, ga amana. Ka kai shi ɗakin Allah, ka dawo mini da shi."

Shekaru suka yi a hanya, su yi ƙira a wannan gari, su yi noma a wancan, har suka iso bakin bahar a lokacin babban yaƙin Turawa. Kuɗin ƙetarewa zuwa Jidda babu, sai suka shiga aiki a tashar jiragen ruwa. A nan aka jawo musu wani jirgin yaƙi da aka yi wa rauni, aka shigar da shi wani ƙaton rami aka janye ruwan. Baba ya ce da ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai sai da hularsa ta faɗi. Ba su iya karanta sunan da ke jikinsa ba, sai Hausawan wurin suka riƙa ce masa Dala. Aikin Baba hura wuta: ya gasa ƙusa mai kaurin dantse har ta yi ja, ya cafko ta da awartaki ya jefa, wani ya tare a gwangwani, a zura ta a huda, mutum biyu su hau ta da duka kafin ta huce. Wata da watanni suna kan facin raunin nan. Shi kuwa maƙeri ne, ya san ƙarfe, ya ga wanda kaurinsa ya fi ɗani guda, ya ji an ce dubban mutane ne suka shekara da shekaru suna gina jirgin a ƙasar Turawa. Abin da ya fi burge shi ma ba bindigogin ba ne, ƙofofin ciki ne. Cikin jirgin ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofar ƙarfe. In ruwa ya shiga ɗaki ɗaya sai a datse ƙofarsa, sauran jirgi ya tsira. Ya sha ba mu labarin ƙofofin nan muna yara, yana jinjina kai, yana cewa hikima kayan Allah.

Da aka gama gyara sai aka ce ana neman 'yan ƙwadago kaɗan da za su bi jirgin, masu shara da goge ɗakin inji, kuma albashin tafiya ɗaya ya isa mutum biyu su ƙetare. Baba ba a sake shi ba, ana bukatarsa a bakin wuta. Idi ya ji tsoro, ya ce shi ko rafi bai iya ƙetarewa ba. Baba ne ya kama shi ya kai shi gindin facin, ya bubbuga ƙarfen da guduma.

"Ka ji? Ni na gasa ƙusoshin nan da hannuna. Wannan ba ya nitsewa, Idi. Je ka ka dawo."

Ya tafi. Bayan wasu watanni labari ya zo kala-kala. Wasu suka ce jirgin ya nitse da kowa da kowa, wasu suka ce an tsamo mutane an kai su wata ƙasa mai nisa, wasu suka ce ba shi ba ne ma, wani jirgin ne. Baba ya ƙara shekara uku a tashar yana duba duk abin da ya shigo. Da ya gaji ya ƙetaro ya yi hajjinsa, amma gida bai koma ba. Da wane ido zai kalli tsohuwar? Ya zauna a Makka, don ya ce duk inda Idi yake a duniya, nan ne dai ya yi niyyar zuwa, kuma nan zai zo.

To kun ji dalilin jirgin. Mutumin da bai san sunan abu ba, ta yaya zai yi cigiyarsa? Sai ya ƙera shi. Duk shekara in alhazai suka sauka, Baba zai bi masauki-masauki, ya bi tantunan Mina, yana tambayar ko akwai wanda ya taɓa aikin jirgin ruwa. In ya samu, ko Basudane ne ko mutumin Yaman ko na Hindu, sai ya lallabo shi gida, Inna ta dafa shayi, a hau sama a nuna masa. Nawa ne suka zagaya shi suka girgiza kai? Ban ƙirga ba. Abu ɗaya kuma da kowa ya sani a gidanmu: Baba ya yi wa ubansa hajji, ya yi wa uwarsa da ya ji rasuwarta, har wani maƙwabci da ya mutu ba magaji ya yi wa, amma bai taɓa yi wa Idi ba. Inna ta sha yi masa magana.

"Malam, shekara arba'in fa. Ka sauke wa bawan Allah nan farali."

"Ba a yi wa mai rai da lafiya hajji. Ko kin ga gawarsa?"

Daga nan magana ta mutu sai wata shekarar.

Shekarar da nake son ba ku labari ina da talatin da 'yan kai, na yi aure, ina da warshata, wato shagon walda. Baba ya haura saba'in, yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa tana kumbura, likita ya hana shi shiga rana. Cigiya ta gagare shi, sai ya sa aka ɗauki hoton jirgin ya ba ni. Gaskiya zan faɗa, kunya nake ji. Ina sa hoton a aljihu don kada in saɓa masa, amma ba kasafai nake fito da shi ba. Saura kwana biyar a hau Arfa aka kira ni gyaran tankin ruwa a wani masaukin alhazai a unguwar Zahir. Ina cikin aiki wani tsoho ya jawo kujera ya zauna yana kallona, Bahaushen Sudan, sunansa Malam Tanko. Ya ce waldata ta yi kyau, amma a zamaninsu ƙusa ake dasawa. Na tambaye shi ina ya ga an dasa ƙusa, ya ce a jikin jirgin yaƙi. Na kashe wuta, na goge hannu, na miƙa masa hoton.

Ya daɗe yana kallo. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, sannan ya ɗora yatsa a kan facin.

"Wannan ai Dala ne. Wa ya ƙera?"

"Mahaifina. Ƙanensa yake nema, Idi."

"Idi mai wushirya? Wanda ke da wa a bakin wuta?"

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Malam Tanko ya ce su huɗu ne Hausawa a jirgin. Ya ce jirgin bai nitse ba. Wata rana da hantsi nakiya ta same su ta ƙarƙashin ruwa, ba a wurin facin ba, facin ko motsi bai yi ba. Ruwa ya ɓarke a ɗakunan ƙasa, aka ba da umarni a datse ƙofofi, aka datse. Idi yana ciki da wasu. Ya ce sun ji ana bugun ƙarfe daga ciki na ɗan lokaci, sannan aka daina. Jirgin ya ja jiki ya kai wata tashar, aka zuƙe ruwan, aka fito da su, aka ɗinke kowa a cikin tamfol aka koma da su teku.

"Ni na yi masa salla, ɗana. Ni da mutum biyu. Ba mu san ma ina alƙibla take ba, sai muka bi rana."

Na tambaye shi jirgin fa? Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce an gama yaƙi yana nan lafiya lau, ya yi shekaru a ɗaure yana tsatsa, daga baya aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Ya ce wa ya sani, wataƙila rodin da ke cikin ginin nan ma daga jikinsa yake. Shi kansa daga can aka sallame su a wata ƙasa, sai bayan shekaru ya komo Sudan, ya nemi wan Idi a tashar aka ce ya ƙetare.

Ban je wurin Baba ba, wurin Inna na je. Na same ta a kicin da Yaya Hajara suna gyaran shinkafa, na rufe ƙofa na faɗa musu. Inna ta yi salati ta zauna. Yaya Hajara ce ta fara magana, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Sale, ka rufe bakinka. Jiran nan shi ke riƙe da shi. Ka cire masa, me ya rage? Kuma ka san halinsa, yau ka faɗa, jibi yana Mina cikin wannan rana. Wallahi in ka faɗa masa, kai ka sani."

"Yaya, tambayar da ya shekara arba'in yana yi ce. Amsar tana Zahir a kan kujera."

"To bari a sauko daga Arfa mana! Kwana nawa ne?"

"In an sauko sai baɗi. Kin tabbata zai kai baɗi?"

Inna ba ta goyi bayan kowa ba, kuka kawai take yi. Na yi kwana biyu ina juya abin. Ku sani, ba ƙarya Yaya Hajara ta faɗa ba, kuma son Baba ne ya sa ta faɗa. Na ji tsoro ƙwarai. Amma duk sanda na shigo gida sai ya juyo da idanun nan da suka yi fari ya ce, "Sale, an dace?" Sau biyu na ce masa a'a. Na uku bakina ya ƙi. Ranar na ɗauki tasi na je na ɗauko Malam Tanko.

Bayan la'asar muka hau da su sama, ina riƙe da Baba. Tsofaffin nan biyu ba su gane fuskar juna ba, amma da Malam Tanko ya ambaci sunan Baturen da ke yi musu tsawa a tashar, irin sunan da su suka laƙaba masa, sai Baba ya kama hannunsa ya ƙi saki. Malam Tanko ya faɗi komai, bai rage ba, har bugun ƙarfen. Na yi zaton Baba zai faɗi. Bai faɗi ba. Ya lalubi jirgin, ya shafa facin, ya gangara da hannu zuwa cikinsa.

"Ashe bai nitse ba."

"Bai nitse ba, Haruna."

"To ban yi masa ƙarya ba ke nan." Baba ya dafa cikin jirgin. "Na yi ta yabon ƙofar nan. Shekara arba'in ina yabonta, har ga 'ya'yana. Ban taɓa tambayar wa ake rufewa a ciki ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wa Idi wannan salatin. Sai ya juyo wajena.

"Sale, ɗauko almakashin ƙarfe."

"Baba, me za a yi?"

"Ɗauko na ce. Yanka nan, daga facin zuwa tsakiya."

Na ce masa ya bari zuciya ta huce, aikin shekara da shekaru ne. Ya daka mini tsawar da rabona da ita tun ina yaro. Na durƙusa na sa almakashi. Wallahi ƙusoshin nan sun ba ni wuya, sai da na haɗa da guduma, gwangwani ya yanke ni a nan, tabon da kuke tambayata. Da cikin ya buɗe sai ga wani ƙunshi a naɗe cikin fata. Ko Inna ba ta san da shi ba. Na kwance. Alawayyo ne ƙyalle biyu, sun yi ja-ja don daɗewa, ninkin ya zama kamar an zana shi. Baba ya karɓa ya kai hanci.

"Na ajiye masa ne ya zo ya buɗe da kansa. A wanke. Da shi zan hau."

Na roƙe shi. Na ce ni zan yi wa Baffa hajjin, na yi nawa, ina da ƙarfina, malamai sun halatta. Yaya Hajara ta hau sama tana kuka, ta riƙe ƙafarsa. Ya bari muka gama.

"Hannun wa aka sa nasa a ciki, naka ko nawa? Halas. Magana ta ƙare."

Haka muka tafi, ni da shi. Zafin shekarar ba a magana. Na samo keken guragu, ya hau inda ya ga dama, ya sauka inda ya ga dama, kuma inda ya sauka ya fi yawa. Da ya ɗaura haramin ya ɗaga murya ya ce labbaika a madadin Idrisu ɗan Musa, sai da na juyo na kalle shi, don a gidanmu ba a kiran sunan nan da ƙarfi. A Arfa ya ƙi zama a tanti bayan azahar. Na riƙe masa lema har hannuna ya sage, yana tsaye yana addu'a da Hausa, irin Hausar ƙauyensu da ban taɓa jin ya yi ba. Jifa ni na yi masa, wannan kam ya yarda. Ɗawafi kuwa ya ce da ƙafarsa, yana rataye a kafaɗata, muna yi muna hutawa. Da muka cika na bakwai ya tsaya yana haki, ya fuskanci Ka'aba duk da ba ganinta yake sosai ba. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na kai kunne don na ɗauka ruwa yake so. Ba da ni yake ba.

"Iya, na kai shi. Dawowar ce ban iya ba. Ki yafe mini."

Daga Mina kan gado ya wuce. Zazzaɓi ya kama shi, ƙirji ya cushe, aka kai asibiti aka dawo, bai ƙara hawa sama ba. Ya yi kwana ashirin da wani abu. A kwanakin nan yana cin abinci kaɗan, yana barci mai nauyi, har Inna ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yi minshari ba sai lokacin. Bai sake tambayata ko an dace ba. Ya rasu da safe a farkon Muharram. Ragowar jirgin shi ya ce in ba masu sayen tsohon ƙarfe, na ba su, ban karɓi ko sisi ba. Wanda ya ce muku sayarwa na yi bai san zancen ba.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta Yaya Hajara ta tare ni a zaure gaban mutane ta ce da na yi shiru da yanzu yana sama yana ƙwanƙwasa gwangwaninsa. Mai yiwuwa gaskiyarta ne. Da ya ƙara shekara, ko biyu, ko biyar, Allah kaɗai ya sani. Na rasa uba, na kuma rasa 'yar'uwa, don daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma abin ya ci ni fiye da yadda kuke zato. Har yau in na ga tsoho a kan keken guragu a hanyar Mina sai in kau da kai. Ban ce muku na yi daidai ba. Na ce muku ga yadda aka yi, ku auna da kanku, kuma kada wanda ya ƙullaci gwaggonku.

Abu ɗaya ne ita ba ta gani ba, don mata ba sa shiga wurin wankan maza. Baba ya bar mini wasiyya, na kuma cika. Da aka gama yi masa wanka aka kawo sabon likkafani, na ce a dakata, na fito da alawayyon nan biyu. Mai wankan ya juya su ya ce sun tsufa, ba za su yi ƙarko ba. Na ce masa ba ƙarko ake nema ba. Da su muka fara naɗe shi, sannan aka ɗora sabon a kai. Baffa Idi yana can ƙarƙashin teku a cikin tamfol ɗin Turawa, ba wanda ya san wurin sai Allah. Amma ƙyallen da uwarsa ta sayar da akuya ta yanka masa yana cikin ƙasar Makka, a jikin wansa. In kun je ziyara kun tsaya, ku yi sallama ga mutum biyu.